Tantance na'ura ba tare da tona asirinta ba: kurakuran da aka fi yi

Masu haɗa kyamarorin tsaro a shagunan Alaba da masu saka na'urar bin sawu a tirelolin Apapa buƙatarsu ɗaya ce: sabar (kwamfutar da na'urorin ke aika wa bayanai) ta tabbatar na'urar da ke magana da ita 'yar gida ce, amma mai kasa kunne a hanya kada ya gane wacce ce, balle ta wane ce.

Inda aka fi faɗuwa shi ne a cire tantancewar ɗungurungum, a ce ai an ɓoye suna. A Mosquitto, sabar MQTT (tsarin aika saƙonni tsakanin na'urori) da ake yawan ɗorawa, sai mutum ya mai da allow_anonymous (izinin shiga ba tare da tantancewa ba) zuwa true don aiki ya yi sauri, ya bar tashar 1883 a buɗe. Duk wanda ya gano adireshin zai karanta saƙonni, ya kuma tura umarni. Daga sigar 2.0 Mosquitto a kulle take zuwa. Ku bar ta haka, ku koma tashar 8883 mai TLS, tsarin rufe saƙonni a hanya.

Wani kuskuren kuma kama da dabara yake yi: a zuba mabuɗi ɗaya a duk na'urorin, wai don kada a bambance su. Lallai ba za a bambance su ba, har da ranar da aka sace ɗaya, aka zuƙe mabuɗin daga ma'adanarta. Ranar ba ku da hanyar korar ta ita kaɗai, sai dai a bi sauran ɗaya bayan ɗaya a sauya musu. Maganinsa sa hannu na rukuni: kowace na'ura da mabuɗinta na sirri, sabar kuma tana duba su da mabuɗin fili guda, ta san cewa mamba ce ba tare da ta san wacce ba. Haka tsarin DAA ke aiki, wanda ya shiga TPM (guntun tsaro na kwamfuta) tun sigar 1.2, haka ma EPID na Intel, kuma dukansu suna da jerin soke mabuɗin da ya fita. Sai dai lissafinsu na da nauyi ga ƙananan na'urori. Idan ɓoyewa daga 'yan hanya kawai kuke nema, takardar shaida ɗaya ga kowace na'ura ta wadatar, a ajiye mabuɗin a guntun tsaro irin ATECC608. A na'urorin da ke da guntun ESP32 kuma a kunna rufe ma'adana.

Sau da yawa ta gefe sunan na'ura yake yoyo. TLS 1.2 a fili yake aika takardar shaidar na'ura; TLS 1.3, wanda ya fito a 2018, yana rufe ta. Lambar MAC (adireshin na'ura a kan hanyar sadarwa) da ba ta sauyawa ma tana nuna sawu, shi ya sa Bluetooth ke da adireshi mai juyawa, galibi duk minti 15. Kada kuma a dogara da MAC wajen tantancewa, kwaikwayonta ba wuya.

Sai matsalar wuta, wadda duk mazaunin Legas ya sani. Na'urar da ba ta da agogo mai batir, in aka ɗauke wuta aka dawo, takan farka tana zaton shekarar 1970 ce, sai ta ƙi takardar shaidar sabar. Nan wasu ke kashe duba takardar baki ɗaya, wanda shi ne mafi muni. A saka guntun agogo DS3231 da batirin CR2032, ko na'urar ta karɓi lokaci daga intanet ta NTP kafin ta buɗe TLS.

Kalmar sirrin da na'ura ke zuwa da ita daga kamfani kuwa, a sauya ta ranar haɗawa. Da irinta muguwar manhajar Mirai ta kame kyamarori a 2016.