Sitiyarin tsohuwar mota yana lilo: kurakuran da aka fi yi wajen gyaran boris ɗinsa

Duk wanda ya riƙe tsohuwar Fijo 504, ko Buswaja, ko Marsandi irin ta da, ya san ranar da sitiyari ya fara magana. Ka hau hanya mai gargada, ka ji ƙwas-ƙwas a tafin hannunka. Ka taka burki, sitiyarin ya ɗan sunkuya. Da farko abin kaɗan ne, har ka saba da shi. Wata rana sai ka ga kana iya ɗaga shi sama ka sauke kamar kan tsohuwar tsintsiya.

Motar mahaifina ce ta koya mini wannan darasi, 504 haɗin Kaduna, cikin waɗanda masana'antar Fijo ta Najeriya, wato PAN, ta riƙa fitarwa tun daga 1975. Da ta dawo hannuna, sitiyarinta na lilo. Garejin farko da na kai ta, ko sitiyarin ba a taɓa ba, aka shige ƙarƙashi aka ce tayarod ne. Na biya, aka canja, aka yi alaimen, na fito da lilon nan yadda na shiga da shi. Sai wani tsohon bakanike ya zauna a kujerar direba, ya kama sitiyarin da hannu biyu, ya girgiza shi sama da ƙasa sau biyu kawai. Ya ce, "Ɗana, ciwon na nan sama, ku kuna ta magani a ƙafa." Na ce, "Baba, yaya aka yi ka gane?" Ya ce in sa hannu in ji da kaina.

Kuskuren farko: ba a tambayi wace irin wasa ce ba

Wannan shi ne uban kurakuran, kuma shi ya fi cin kuɗi. Sitiyari yana zaune ne a kan doguwar sanda da ke juyawa cikin bututu. Abin da ke riƙe sandar a tsakiyar bututun shi ne boris ko bushi, ɗaya a sama kusa da hannunka, wani lokaci da na biyu a ƙasa kusa da inda sandar ta ratsa daben mota. Aikinsu riƙewa ne kawai. Ba su ne ke kai juyin hannunka ga tayoyi ba.

Don haka wasar sitiyari iri uku ce, kuma kowace da gidanta. Idan yana motsi sama da ƙasa, ko gefe da gefe, ba tare da ya juya ba, to boris ko bushin bututu ne ya ci, ko kuma notukan da suka ɗaure bututun a jikin dashbod sun saki. Idan ka ja shi zuwa ƙirjinka ka tura ya tafi ya dawo, to a duba sifirin da zoben da ke danne boris ɗin, da babban notin tsakiya. Idan kuwa juya shi kake yi dama da hagu tayoyi ba su amsa ba sai an ɗan jima, wannan ba aikin boris ɗin bututu ba ne. Matsalar tana can ƙasa: joyin ɗin sanda, ko faifan robar da ke haɗa sanda da abin da ke ƙasa, ko rak (dogon ƙarfe mai haƙora da ke tura tayoyi dama da hagu), ko akwatin sitiyari a motar da ba ta da rak, ko tayarod.

Gwajin bai wuce minti biyu ba. Ka tsayar da mota tayoyi a miƙe, a ƙasa, ka buɗe makullin sitiyari. Ka girgiza shi sama da ƙasa, ɗaya hannun kuma a kan bututun. Idan bututun yana tsaye cak sitiyari kaɗai ke rawa, boris ne. Idan su biyun suna rawa tare, ka fara da notukan dashbod, ka kuma haska tocila ka ga ko ƙarfen da ya riƙe bututun ya tsage. Na ga wanda ya sayi sabon boris alhali noti biyu ne suka kwance.

Ita kuwa wasar juyi, aunawa ake yi. Ka manna tef a bakin sitiyari ka riƙe rula kusa da shi. A Birtaniya, ƙa'idar gwajin lafiyar mota ta MOT ta sa iyaka ga sitiyari mai faɗin milimita 380: milimita 13 ga mota mai rak, milimita 75 ga mai akwati. Ita 504 rak gare ta, don haka bai kamata ta yi wasa mai yawa ba. Buswaja ta gargajiya da Marsandi samfurin W123 akwati gare su, kuma ɗan sararin da ke cikinsu tun asali haka aka ƙera su.

Matse sukurun akwati don a kashe lilo

Daga wancan kuskuren ake faɗawa wannan. Bakanike ya ga sukuru a saman akwatin sitiyari, ya sassauta notinsa, ya matse har sai ya ji tauri. Mai mota ya ji sitiyari ya yi nauyi, ya ɗauka an gyara. Lilon sama yana nan, sai dai yanzu an ƙara masa wata cuta. Akwati ya fi cinyewa a tsakiya, inda mota ta shafe shekaru tana tafiya miƙe. Idan ka matse har tsakiyar ta cike, gefen da bai ci ba zai riƙa kamawa, sitiyari ya daina komawa da kansa bayan kwana, haƙoran ciki su riƙa niƙa juna. Akwatin da zai yi shekaru sai ya mutu cikin 'yan watanni. Idan da gaske akwatin ne ke da wasa, ana juya sukurun ne kaɗan-kaɗan, kamar kwatan juyi, ana gwadawa. A W123 ma akasin abin da hannu ya saba ne: warware sukurun zuwa waje shi ke rage wasa. Wanda bai sani ba yana matsawa ciki yana ƙara ɓarna.

Guduma

A nan nake so in daɗe, domin nan ne ake kashe motoci ba a sani ba. An kwance babban noti, sitiyari ya ƙi fita saboda shekara talatin yana manne a kan haƙoransa. Sai a ce yaro ya ja da gwiwa, oga ya ɗauki guduma ya riƙa dukan kan sanda. Sitiyari zai fita, gaskiya ne. Amma ga abin da ya faru a ciki.

Kan sandar ya baje, zaren ya lalace, noti ba zai sake hawa lafiya ba. Kowane duka ya bi ta kan ƙwayoyin boris ya lotsa hanyar da suke gudu, har da na ƙasa wanda watakila lafiyarsa ƙalau. Mafi muni kuma, yawancin motocin da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1960 sandarsu mai naɗewa ce. An yi ta ne yadda idan aka yi karo za ta shige cikin kanta, kada ta soki ƙirjin direba. Kamfanin General Motors ya fara sa irinta a motocinsa na 1967, dokar Amurka ta wajabta kariyar sitiyari daga 1968, Buswaja ma ta samu tata a samfurin 1968, wani sashe mai kama da ragar ƙarfe. A wasu motocin, 'yan ƙananan fil na roba ne ke riƙe sassa biyu na sandar. Guduma tana karya su. Daga nan sanda ta gajarce ko ta riƙa shiga tana fita, kuma babu sabon boris da zai warkar da wannan.

Maganin mai sauƙi ne: ƙarfen zare sitiyari, wanda ke dafe kan sanda yana jan sitiyarin a hankali da sukuru. Idan babu shi, a fesa man sassauta tsatsa, a bar shi ya jiƙa, a bar notin a kan 'yan zaruruwan ƙarshe, sannan a riƙa rausaya sitiyarin da tafin hannu daga baya. Barin notin yana da dalili: ranar da ya saki, da ƙarfi yake tahowa, kuma fuskarka ce a gabansa. Kafin duk wannan a cire kan batir, kada jakar iskar da ke cikin sitiyari don kare direba a karo ta tashi a fuskarka. Marsandi ta fara sa jakar iska a W126 tun 1981, don haka kada a ɗauka kowace tsohuwar mota ba ta da ita.

Sannan a yi alama. Ɗigon fenti ɗaya a kan sanda da jikin sitiyari kafin a raba su, wani kuma a joyin ɗin ƙasa. Wanda ya manta zai mayar da sitiyari a karkace, sigina ta daina kashe kanta bayan kwana, sai a koma ana murɗa tayarod don a miƙe abin da haƙori ɗaya ne ya goce.

Ciko da gwangwani

Na san dalilin da ke sa a yi shi. Kayan tsofaffin motoci sun yi wuya, mai mota yana tsaye yana jira. Sai a yanko gwangwanin madara ko tib ɗin keke a cusa tsakanin sanda da bututu. Mako biyu sitiyari ya yi shiru. Bayan nan robar ta narke da zafi ta dunƙule, ko gwangwanin ya zame ya karce sanda, kuma ranar da zai cije ba zai zaɓi inda hanya ta miƙe ba. Ba a yin wannan dabara a sitiyari, haka ma walda a jikin sanda.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne sayen kowane boris da ya shiga ramin. Na saman sitiyari a motoci da yawa ba irin na injin ban ruwa ba ne. Siriri ne, yana tafe da zobe mai tsini da sifirin da ke danne shi, kuma dannewar ce ke hana lilo. Idan sifirin ya faɗi ƙasa aka share shi da shara, sabon boris zai yi rawa tun ranar farko. Shi ya sa nake jera duk abin da na cire a kan tsumma, bi da bi, in ɗauki hoto da waya. Idan za ka Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, tafi da tsohon a aljihu, a auna faɗin ciki da na waje da kauri. Na tsohuwar mota da aka yanka ma shekarunsa ɗaya da naka, don haka ka juya shi da yatsa ka ji ko yana gurzawa kafin ka biya. Idan motar bushi take amfani da shi, mai injin tona ƙarfe zai iya fafe maka sabo daga nailan mai tauri ko tagulla, kuma wannan gyara ne na gaskiya.

Ka duba sandar kanta a inda boris yake zama. Idan farcenka ya ji kwari a wurin, sandar ta ci, sai a nemo wata.

Wajen sawa, ana tura boris ne ta zobensa na waje idan cikin bututu zai shiga, da soket mai faɗi daidai da shi, a hankali. Dukan zoben ciki yana kashe shi kafin ya fara aiki. A wanke tsohon giris da kalanzir tukuna, domin giris da ya sha ƙurar hunturu ya zama kamar yashin goge ƙarfe, kuma shi ne ya cinye na farkon. Giris kaɗan ya isa. Idan ya yi yawa sai ya malalo kan zoben hon da makunnin sigina. Masu Buswaja su lura da wani abu: a wasu samfuranta layin hon yana bi ta boris da sandar ne, da 'yar waya da ke tsallake faifan robar ƙasa. Idan aka fasa robar da ta raba boris da bututu, hon zai riƙa kuka duk lokacin da aka juya sitiyari.

Lokacin mayarwa

Da yawa suna ɗaure notukan dashbod tamau tun kafin su haɗa ƙasa. Sai sanda ta zauna a karkace, ta riƙa danne sabon boris ta gefe ɗaya. A sa duk notuka sako-sako, a haɗa joyin ɗin ƙasa, a juya sitiyari ya nemo mazauninsa, sannan a ɗaure. Ƙusar da ke matse joyin dole ta bi ta cikin kwarin da aka yanka mata a jikin sanda. Idan ta ƙi shiga, sandar ce ba ta kai ba, ba ramin ne ya yi kaɗan ba. A sa mata sabon noti mai kulle kansa. Faifan roba kuma, tunda an riga an buɗe, in ya tsattsage a canja shi.

Kafin mota ta fita gareji, a ɗaga gabanta da jak a tokare, a juya sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa, ana sauraro. Bai kamata a ji tauri ko gurza a ko'ina ba. A gwada hon, a gwada sigina, a cire makulli a ga sitiyari ya kulle, a mayar a ga ya buɗe sarai. Sai a sauke, a zaga a hankali, a saki hannu kaɗan bayan kwana a ga ko yana komawa.

Da Baba bakanike ya gama da motar mahaifina, ya tsaya yana kallon yadda zan shiga. Na kama sitiyari na ja jikina ciki kamar kullum. Ya ce, "Tsaya, ɗana. Wannan jan da kake yi shi ya cinye wancan." Ya nuna mini in dafa kujera da gefen ƙofa. Tun ranar haka nake shiga, kuma bushin da ya sa yana nan bai motsa ba.