Firi'am na aljihu: abin da kalangu ya koya mini a Agege

Bikin farko da na ɗauki sautinsa a wajen Zangon Agege, na dawo gida da murna, na sa abin sauraro a kunne, sai na ji kalangun kamar ana yaga buhun siminti. Muryar maroƙi ta fito sarai, guɗar mata ma haka, amma duk inda ganga ta faɗo sai sautin ya tsage. Kuɗin da na zuba wajen sayen firi'am, wato ɗan akwatin da ke ƙara wa makirufo ƙarfi kafin sauti ya shiga rikoda, su ne suka ɓata mini aikin. Na ƙara ƙarfi a wurin da ƙarfi ya riga ya yi yawa.

Saboda haka kafin ka tafi kasuwar Alaba ko Computer Village neman firi'am, tambayi kanka irin kiɗan da za ka ɗauka. In mai gurmi ne ko mai kuntigi zaune a zaure, ba lasifika, to kana bukatar firi'am mai tsabta, wanda ba ya shigo da wannan "shhh" ɗin idan ka murɗa shi sama. In kuwa kalangu ne da kotso, ko bandi mai manyan lasifikoki irin na New Afrika Shrine a Ikeja, sau da yawa ba firi'am kake nema ba, akwatin batir kake nema.

Ga dalili. Ƙananan makirufo irin na maƙalawa a kwala suna bukatar 'yar wuta kafin su yi aiki. Rikoda ta aljihu tana ba su wannan wuta ta ramin milimita 3.5, amma kaɗan ce, volt biyu da rabi zuwa biyar. Idan ganga ta daki makirufon da ke cin wuta kaɗan haka, tun daga cikinsa sautin yake fashewa, kuma rage maɓallin rikoda ba ya gyara komai. Akwatin batir, wanda bai wuce girman akwatin ashana biyu ba, yana ba shi volt 9, sai ya samu sararin ɗaukar duka. Daga nan ka haɗa shi da ramin da aka rubuta LINE, ba MIC ba. Wannan kaɗai ya warkar mini da kalanguna.

In ka tabbata firi'am kake so, abu na farko shi ne ya dace da makirufonka. Manyan makirufo masu kan XLR, mai haƙora uku, da yawansu wutar fantom suke ci, volt 48. Ƙanana masu kan 3.5 kuwa volt 48 na iya kashe su nan take. Duba takardar makirufon, kada ka dogara da bakin mai shago. Ko a kamfani ɗaya ma akwai bambanci: makirufon DPA 4060 yana jure ƙarar da ta kai desibel 134, ɗan'uwansa 4061 yana kai 144, kuma a gaban makaɗa wannan goman ba wasa ba ce.

Na biyu, maɓalli. Ni kayana a ɓoye suke zama a aljihun gefe na kaftani, wayar makirufo ta bi ta ciki zuwa wuya. Firi'am mai dogon maɓallin murɗawa, da zarar an fara liƙi jama'a suka matse ka, zai juya da kansa ba ka sani ba. Nemi mai maɓallin da ke tsayawa mataki-mataki, ko ka liƙe shi da salatif. Fitilarsa ma ka rufe ta, don jar wuta tana ratsa farar shadda.

A gaskiya yanzu ba na ɗaukar firi'am daban. Zoom F3 nake riƙewa, rikoda ce da firi'am a jiki ɗaya, tana shiga tafin hannu, ramukan XLR biyu, batir AA biyu. Tana ɗauka a tsarin 32-bit float, wanda ya sa ko sauti ya yi tsalle kana iya sauko da shi a kwamfuta daga baya. Sai dai kada a ruɗe ka: in makirufon ne ya fashe, babu tsarin da zai ɗinke shi. Mai kuɗi ya duba Sound Devices MixPre-3 II, sautinta ya fi kwanta mini, amma ita sai jaka. Wanda rikodarsa ke kan tsarin 24-bit kuma ya sa allurar da ke nuna ƙarfin sauti ta riƙa tsayawa wajen -12, ya bar wa ganga sauran. Awa ɗaya a 48 kHz, tashoshi biyu, tana cin wajen giga ɗaya a katin ajiya.

Legas tana da nata sharrin. Janareta na bayan rumfa, gurnaninsa yana shiga ƙasan sauti, don haka firi'am mai maɓallin yanke ƙasa, wajen 80 Hz, yana da amfani, kodayake ni na fi son in yanke a kwamfuta don kada in rage wa ganga ciki. Kada ka jona kayanka da wutar wurin, a batir za ka zauna. Wayar salularka kuma ka kashe mata layi ko ka mayar da ita ɗaya aljihun, in ba haka ba wannan "tit-tiri-tit" zai hau kan kirarin ango. Batir kam, wani mai tebur ya taɓa sayar mini da wasu masu kyan kwali, minti ashirin suka mutu, amarya ba ta ma iso ba. Tun ranar batir ɗin Eneloop, masu ɗaukar caji, nake caji da kaina, da huɗu a ajiye.

Ɓoye kayan ba ɓoye wa makaɗa ba ne. Nakan je wurin shugabansu tun kafin a fara in ce, "Baba, zan ɗauki kiɗan nan, in kun yarda, gobe in turo muku." Wani dattijo ya ce mini, "Ɗauka, yaro, amma kada ka sa mini ƙarfe a baki." Abin da ya sa nake ɓoyewa ke nan: makaɗi ya ga sandar makirufo sai ya fara yi wa makirufo kiɗa, ya manta da masu biki. A gidan rawa mai tikiti kuwa, masu wurin za ka tambaya.

Ranar saye ka tafi da makirufonka da abin sauraronka. Jona su a shagon, murɗa ƙarfin sama ka saurari wannan "shhh" ɗin, sannan ka rage, ka tafa hannu da ƙarfi dab da makirufon. Girgiza wayar makirufon a bakin ramin, in ka ji ƙaras-ƙaras, ajiye masa abinsa. In ka dawo daga biki kuma, kayan sun sha gumi, sa su a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi.