Yadda na fito da kunshin da ya maƙale a kwastan Jidda

Kunshin ya kwana tara a filin jirgi, kamfanin jigila sai cewa yake ana jiran takardu. Matsalar biyu ce: sunan da ke jikin kwalin sunan gida ne, ba wanda ke kan iƙama (katin izinin zama a Saudiyya) ba, kuma mai sayarwa bai sa rasit ba. In babu rasit, jami'in kwastan shi zai ƙiyasta darajar kayan, kuma ƙiyasinsa kan fi abin da ka biya.

Sai na tura wa kamfanin hoton iƙama, rasit mai nuna kuɗin kaya da na jigila, shaidar biya daga banki, da gajeren adireshin ƙasa, wato haruffa huɗu da lambobi huɗu. Washegari lissafi ya fito.

A lissafin ne 'yan uwa ke ruɗewa. Kayan amfanin kai da ba su kai riyal 1,000 ba, ba a karɓar musu kuɗin fito, amma harajin VAT na kashi 15 yana nan daram. Kayana da kuɗin jigila sun kama riyal 1,200. Fiton kashi 5 ya zama 60, sannan aka ɗora VAT a kan 1,260, ba a kan 1,200 ba, ya zama 189. Jimilla 249, ban da ladan kamfanin. Kason fito kuwa ya danganta da irin kayan.

Na biya ta SADAD, tsarin biyan kuɗi na Saudiyya, a manhajar banki. Saƙon waya mai cewa ka danna nan ka biya kuwa, kada ka taɓa shi sai lambar kunshin ta dace da taka, don 'yan damfara sun yi yawa.