Darasi na Bakwai: Takin Gida da Takin Buhu

Tun zamanin kakanni, manoman kewayen birnin Kano kan shigo gari da jakai, su cika mangala da kashin awaki da toka da sharar gida, su kai gona. Albarkacin wannan taki ne ake nome gona ɗaya duk damina ba tare da ta mutu ba.

Yau hankalin mutane ya koma kan buhu. Ɗauki buhun NPK ka karanta jikinsa, za ka ga 15-15-15. Kowace lamba tana nuna yawan wani sinadari ne a cikin takin: na farko shi ne mai sa ganye ya yi kore shar, na biyu mai gina saiwa, na uku mai ƙarfafa kara da cika ƙwaya. Buhun uriya kuwa 46 za ka gani, aikinsa duk na ganye ne.

Takin buhu yana da saurin aiki, amma shuka kaɗai yake ciyarwa, ba ya gyara jikin ƙasa. Ƙasarmu kuma rairayi ya yi mata yawa, ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya wanke uriya ya tafi da ita. Takin gida ne ke sa ƙasa ta yi laushi, ta riƙe damshi, ta kuma riƙe na buhun da ka saya da tsada. In ka ga ciyawar wuta-wuta ta mamaye dawa ko masara, gonar ce ta gaji. Don haka haɗa takin gida da na buhu ya fi.

Tara kashin dabbobi wuri guda tun da rani, ka riƙa yayyafa masa ruwa kana juyawa har ya ruɓe, ya yi baƙi, wari ya tafi. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka. In sharar bola ka ɗebo, don Allah ka zauna ka tsince leda da kwalba da batir, domin abin da muke ci ne zai fito a wurin.

Uriya kuwa kada ka watsa ta a sarari, iska da rana za su cinye amfaninta. Jira ƙasa ta yi damshi, ka yi ɗan rami tazarar yatsa huɗu daga gindin shuka, ka zuba, ka rufe.

Aiki: Rubuta lambobin da ke jikin buhun takin da ka sani. Sannan ka rubuta abubuwa uku da ake cirewa daga sharar bola kafin a kai ta gona.