Kurakuran da direbobi suka fi yi da kulocin mota

Kuloci yana tsakanin injin da giyabos. Idan direba ya ɗauke ƙafarsa daga kan fedar kuloci gaba ɗaya, wani sifirin mai ƙarfi yana matse farantin kuloci a jikin fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da injin ke juyawa, sai su juya tare, ƙarfin injin ya isa ga tayoyi. Idan ya taka har ƙasa, boris ɗin kuloci, wato wani zoben ƙarfe mai juyawa, yana tura tsakiyar sifirin, matsin ya saki, injin ya ci gaba da juyawa shi kaɗai. A halayen nan biyu farantin ba ya shan wahala. Inda yake cinyewa shi ne tsakaninsu, lokacin da yake gugar fulawil bai kama ba, bai kuma saki ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora ƙafar hagu a kan kuloci alhali mota tana tafiya. Direba yana ganin bai taka ba, amma nauyin ƙafar kaɗai yana iya rage matsin sifirin ya kuma sa boris aiki ba hutu. Gyaransa shi ne a mayar da ƙafar gefe da zarar giya ta shiga.

Wanda ya fi shi ɓarna, a ganina, shi ne riƙe mota a kan tudu da rabin kuloci da totur don kada ta koma baya. Motar tana tsaye, injin yana juyawa, duk ƙarfin da yake bayarwa kuwa yana zama zafi a fuskar farantin, har a ji ƙauri, wani lokaci ma fulawil ya ƙone. Riƙe mota a kan tudu aikin birki ne. A ja birkin hannu, idan za a tashi a ɗago kuloci har a ji ya fara kamawa, a ƙara totur kaɗan, sannan a sauke birkin.

Tsayuwa a danja da giya a ciki da kuloci a danne tana gajiyar da boris. A sa motar a firi. Rashin takawa har ƙasa wajen canja giya yakan jawo ƙarar nan mai kama da niƙa. Taka kuloci a gangara kuwa haɗari ne, domin yana raba tayoyi da injin da ke taimakawa wajen rage gudu, ya bar wa birki dukan nauyin.

Idan aka taka totur a babbar giya, kukan injin ya ƙaru amma gudun motar bai ƙaru ba, farantin ya fara sulɓi. A kai wa makanike da wuri, kuma tun da sai an sauke giyabos kafin a kai ga farantin, ya kamata a canja boris da abin matse farantin a lokaci guda.