Kurakuran da ake ta maimaitawa a gidauniyar makarantun firamare

Makon jiya wani matashin hedimasta ya turo mini katin gayyata ta WhatsApp, bikin raba kyaututtuka ga ɗalibai haɗe da ƙaddamar da gidauniyar gyaran ajujuwa. Na je na zauna a layin baya. Kafin a kira azahar na ga abubuwa har biyar da na taɓa yi da hannuna, na kuma ɗanɗana kuɗarsu. Shekarata 19 ina koyarwa a firamaren gwamnati, takwas daga ciki ni ne sakataren ƙungiyar iyaye da malamai, kuma wallahi na gaji da ganin ƙannenmu suna faɗawa ramin da muka faɗa muka fito da ƙyar. Abin da zan faɗa ba umarnin SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ba ne, ba kuma kowane tsohon malami ne zai yarda da ni ba. Yadda nake yi ne tun da na ji jiki.

Na farko, wanda ya fi ci mini rai, shi ne ɗaukar alkawari a matsayin kuɗi.

Ranar Asabar 27 ga Mayun 2023, Ranar Yara, muka yi tamu gidauniyar. Katakon rufin aji biyar da aji shida ya ruɓe, kwanon duk ya huje, in ana ruwa sai yara su takure a kusurwa ɗaya. Taro ya yi taro. Babban mai ƙaddamarwa ya karɓi lasifika ya ambaci adadin da ya sa mata suka rangaɗa guɗa, na biye da shi ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba, haka aka yi ta yi. Ni ina gefe da biro ina tarawa. Da aka tashi, abin da ke kan takarda ya isa a rufe ajin biyu har a yi fenti. Abin da ke cikin kwalin da muka ajiye a kan tebur kuwa, haɗe da wanda ya shigo ta tiransifa, bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Na san da haka sarai. Amma na ce ai manyan mutane ne, a gaban mai unguwa da liman suka furta, ina za su? Ranar Litinin da sassafe na sa kafinta ya hau ya yaye tsohon kwanon, don a gama kafin damina ta kankama.

A wannan Litinin ɗin, 29 ga Mayu, aka rantsar da sabuwar gwamnati, shugaban ƙasa ya ce an janye tallafin mai. Cikin kwanaki kaɗan litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kuɗin mota ya tashi, komai ya bi bayansa. Mai shagon kayan gini da ya yi mana farashin bandir ɗin kwano ranar Alhamis ya ce wancan farashin ya wuce. Na fara sintiri gidajen masu alkawari. Wannan ya yi tafiya. Wancan ya ce, "Malam, ka bari Sallah ta wuce, kai ma ka ga halin da ake ciki, ko ragon layya ban saya ba." Babban mai ƙaddamarwar kuwa ɗan siyasa ne, wa'adin kujerarsa ya ƙare a kwanakin. Sau huɗu ina zuwa ƙofar gidansa, a na huɗun maigadi ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, Yallaɓai ya ce zai neme ka."

Babbar Sallah ta zo ƙarshen Yuni ta wuce, ruwa ya sauka sosai, aji biyu ba rufi. Bencina suka jiƙe suka kumbura, daɓe ya farfashe, bangon gabas ya tsage. 'Yan aji shida masu shirin jarrabawar shiga ƙaramar sakandare muka cusa su cikin 'yan aji huɗu, wasu a ƙasa, wasu a kan taga. Wata safiya na tarar da wata yarinya 'yar aji shida tana shanya littattafan lissafin da muka bari a kabad ɗin ajin, tana ɓamɓare warƙa da warƙa a hankali tana jerawa a kan katanga, ta ɗora wa kowanne dutse don kada iska ta kwashe. Ta ɗago ta ce, "Malam, ba an tara kuɗin ba? Yaushe za a rufe mana?" Ban sami abin ce mata ba. Kuma tambayar da take bakin duk unguwa ke nan, domin iyaye adadin da aka shelanta ta lasifika suka ji, ba su ga cikin kwali ba. A majalisa har an fara cewa malamai sun cinye kuɗin yara. Sai da na zuba kwasan adashena, wasu iyaye biyu suka cika, sannan aka rufe ajin, lokacin damina ta riga ta yi ɓarnarta.

Tun daga nan, rijistar gidauniya gida uku nake raba ta: abin da aka furta, abin da ya shigo hannu, abin da ya saura. Wanda ya yi alkawari sai ya sa hannu ya rubuta ranar cikawa. Wasu suna jin haushi, ina ce musu Allah da kansa ya yi umarni a rubuta bashi, aya ta 282 a Suratul Baƙara, mafi tsawon aya a Alƙur'ani. A ƙarshen taro, abin da ya shigo hannu kaɗai nake bari a shelanta. Na fi son a ba ni kaya a kan kuɗi, domin wanda ya ce bandir biyu na kwano ko buhu goma na siminti, ko farashi ya tashi bandir biyu ne, buhu goma ne. Kuɗin da ya shigo kuma ba ya kwana uku ban mayar da shi kaya ba. Ƙusa ɗaya ba a cirewa sai kwano da katako da kuɗin kafinta sun cika a sito. Lokacin taron ma na canza shi, na koma Nuwamba ko farkon Disamba, bayan kaka, sa'ad da manomi ya ga amfanin gonarsa kuma sama ta bushe, a yi aikin a hutun zangon farko.

Na biyu kuma, ku ji tsoron Allah ku daina jera marayu a gaban taro.

Abin da na gani makon jiya ke nan, shi ya sa na ɗauki biro. Yara bakwai aka tsayar a rana, mai gabatarwa yana bin su ɗaya bayan ɗaya, wannan ubansa ya rasu, wannan uwarta tana wankau, ku dubi ƙafarsa ko takalmi babu. Wayoyi a sama ana ɗauka, kafin la'asar hotunan sun hau Facebook. Wa ya ba ku izini? In ɗanku ne za ku yarda? Kuna ganin kuɗi na zubowa kuna murna, ba ku kalli fuskar yaron ba, kansa a sunkuye yana murza bakin rigarsa.

Ina faɗa da zafi ne don ni ma na yi. Shekarun baya muka fito da wani yaro ɗan aji uku, mai ƙoƙari, ba ya wuce na biyar a ajinsu. Aka ɗaga hannunsa aka nuna yagewar yunifom ɗinsa a hammata. An samu kuɗi ranar, ba ƙarya. Sati bai zagayo ba 'yan ajinsu suka laƙaba masa "ɗan gidauniya", in ya sa sabon takalmin sai su ce na sadaka ne. Ya daina zuwa. Na bi shi gida, kakarsa ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta ce, "Malam, mu talakawa ne, amma tun da ubansa ya rasu ban taɓa miƙa hannu ga kowa ba. Ku kuka tsayar mini da jika a gaban gari kuka yi bara da shi." Na ce, "Iya, ki yafe mini, kuskure ne." Ta ce ta yafe, amma yaron bai dawo wurinmu ba, wata makarantar ta mayar da shi, mai nisa, sai ya tsallaka titi.

Yanzu a wurin taro adadi kawai nake faɗa: muna da yara kaza da ke buƙatar yunifom da takalmi da littafi. Sunayen suna hannun mutum uku, hedimasta da ma'aji da malama ɗaya. Tela ɗaya ne yake ɗinka wa kowa, yadi iri ɗaya, malamar ta kai gida da yamma a cikin leda baƙa. Wanda ya ce shi sai ya ga yaran da idonsa kafin ya bayar, ina karanta masa aya ta 264 a Baƙara, wadda ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, in ya nace in ce ya riƙe kuɗinsa. Maraya yana hawa dandamali a makarantarmu, amma don ya ci kyautar lissafi ko ta karatu, a kira shi da sunansa da na mahaifinsa kamar kowa.

Sauran ba su kai waɗannan ba, amma suna ɓata aiki. Kada hedimasta ya ba da lambar asusunsa na kansa a turo gudummawa, ko da waliyyi ne, ranar da kuɗin makaranta ya gauraya da albashinsa ya shiga uku. A yi amfani da asusun ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) ko na kwamitin kula da makaranta (SBMC) mai sa hannun mutum biyu, ma'aji kuma ya kasance uba ne ko uwa, ba malami ba. Rasit ga kowa, ko naira 200 ya bayar. Kada a kashe rabin abin da ake nema a hayar rumfa da kujeru da lemon kwalba da kaji na manyan baƙi. Mu tabarmi muke arowa a masallaci, bencina a Islamiyya, a dafa zoɓo a sayi ruwan leda. Kada a ba yara kati su shiga kasuwa da tasha neman taimako, bara ce aka sa wa yunifom, ga haɗarin mota ga miyagun mutane.

Akwai kuma masu mayar da gudummawa haraji, su yanka wa kowane yaro kuɗi, wanda bai kawo ba a kore shi gida. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare a makarantar gwamnati kyauta ne kuma dole ne. Yaron da ka kora saboda naira 500, uwarsa faranti za ta ɗora masa ya tafi talla, dawo da shi kuma sai ka yi da gaske. In wani ya ce abin da ya kawo zakka ce, a ware ta. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa nau'in mutane takwas da ake ba, ni dai ba na zuba ta a rufi ko fenti, gidajen yara mabuƙata take tafiya, kuma sai na tuntuɓi liman.

Kyaututtukan ma akwai gyara. Kullum na ɗaya da na biyu da na uku, kullum yaran nan dai, galibi waɗanda ake yi wa darasi a gida. Ina ba su, sun cancanta. Amma na ƙara kyautar wanda ya fi kowa matsawa gaba, yaron da ya tashi daga na 48 ya dawo na 20, da kyautar wanda bai yi fashi ko sau ɗaya ba a zango uku. Bara yarinyar da ta ci ta rashin fashi sai ta kai wa uwarta niƙa take zuwa kullum, amma ba ta taɓa makara ba. Ranar uwar ta kasa zama, tsaye ta yi har aka gama. A ba da abin amfani, jaka, sandal, dozin ɗin littafin rubutu, a bar kofin roba mai ƙyalli. A tambayi yaro yadda ake rubuta sunansa kafin a buga takardar shaida. Kuma in an ce ƙarfe goma, a fara da yara ƙarfe goma, su yi wasan kwaikwayonsu da muhawararsu su karɓi kyautarsu su koma inuwa. Ba dalili 'yan aji ɗaya su gasu a rana har sha biyu don babban baƙo bai iso ba.

Na ƙarshe, shirun bayan taro. An ci an sha an watse, ba wanda ya sake jin inda kuɗi ya shiga, baɗi kuma a sake buga kati. Ni kafin sati biyu nake rubuta komai da babban baƙi a kan kwali in manna a bakin get: abin da ya shigo, daga wa, abin da aka saya, nawa, a wane shago, abin da ya rage. Wanda ba ya son a ambace shi in rubuta "wani bawan Allah". In ɗauki hotonsa in tura zauren iyaye na WhatsApp, in roƙi liman ya ba ni minti biyu bayan sallar Juma'a. Shekarar da na fara haka, mai ƙosan bakin get ɗinmu, wadda ta ba da naira 500, ta kira jikanta ya karanta mata kwalin tun daga sama har ƙasa, da ya zo kan sunanta ta ce ya maimaita. Da Nuwamba ta zagayo, ko kati ba mu buga ba ta same ni a ofis, ta kwance bakin zaninta ta ajiye mini dubu ɗaya, ta ce in ba ta rasit.