Yadda Za Ka Isar da Bincikenka Kan Itatuwa da Wuraren Shaƙatawa ga Ma'aikata a Gombe

Da farko, san wanda kake rubuta wa. Jami'in gandun daji mai kula da Gombe Goes Green, shirin dashen itatuwa na jihar, daban, mai tsara gari daban, kowa da abin da ya dame shi.

Na biyu, matse binciken ya dawo shafi guda. Sakamako ya zo a layin farko: wace bishiya ta jure rani, darbejiya ko mangwaro, kuma sau nawa ake ba ta ruwa. Dogon bayanin yadda ka yi aikin kuwa, ajiye shi sai an tambaya.

Na uku, hoto biyu sun isa: bakin kwarin da zaizaya ta cinye, da inda saiwoyi suka riƙe ƙasa.

Sai ka tura ta WhatsApp, haɗe da saƙon murya na minti biyu da Hausa. Babu mai zaman karanta shafi 80 a waya, balle ga tsadar data.

Ka tura a Afrilu ko Mayu, kafin damina ta zauna a fara dashe. Bayan mako guda ka taka har ofis, ku gaisa, sannan ka ce: “Ranka ya daɗe, wanne daga ciki zai yiwu bana?”